Takarda ta Biyu a Wasiƙar Mizuho

Litinin, 20 ga Oktoba, biyar na yamma

Yau na sauke nauyi. Wasiƙun 'yan aji biyu duk sun shiga akwatin gidan waya, da hannuna na zuba su, don bara da na bar wa yara aikin wani sai bayan wata guda ya kai tasa, har da tabon romo a jiki. Kowa ya rubuta wa wurin da yake so ya je ya ga yadda ake aiki, tun kafin baɗi ta zo musu da neman aiki na gaske. Masu banki, masu asibitin dabbobi, masu gareji, har da mai gidan biredi.

Mako uku muna abu ɗaya. A buɗe da gaisuwar yanayi, a taya gidan murnar bunƙasa, sannan a faɗi buƙata a taƙaice. Baƙar tawada mai kauri. Farin ambulan mai shafi a ciki, wato mai ninki biyu. In magana ta ƙare a takarda ɗaya, a haɗa mata fara ta biyu da ba a rubuta komai ba, don takarda guda tilo rowa ce da rashin ladabi. Sasaoka, sarkin surutun ajin, ya ce, "Malama, ni farar kaɗai zan aika, ta fi tawa ma'ana." Na ce ya aika, nan take za su ɗauke shi, don ba su taɓa jin an yi shiru a gidansu ba. Na san Jan Biro suke kirana a bayan idona, kuma sunan bai taɓa hana ni barci ba.

Wasiƙar Mizuho Tabuchi ce kaɗai jan birona bai taɓa ba. Yarinyar da ke zama bakin taga, wadda sai ka yi da gaske kake jin muryarta. Masana'antar awara ta gidan Kurahashi ta rubuta wa, zuwa ga Tatsuro, ɗan gidan. Ɗalibina ne shi ma a da, hannunsa kamar kaza ta taka tawada, yanzu shi ke riƙe da gidan tare da tsohonsa. A watan jiya ya zo ya yi wa ajin magana, da takalmin roba a ƙafa, yana dariya ya ce duk wanda zai iya tashi kafin zakara ya rubuto masa. Mizuho ta bi shi har wurin ajiye takalma tana tambayarsa abin da ya sa awararsu ta fi ta kanti laushi. Ban taɓa ganin ta bi wani da tambaya ba sai ranar.

Na ɗaga wasiƙarta a gaban aji na ce haka ake yi. Kunnuwanta suka yi ja.

Talata, 21 ga Oktoba, tsakar rana

Maigidana Isamu ya bugo waya ina shirin buɗe kwanon abinci, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce an ga motar kai awara ta gidan Kurahashi tsaye a gefen gadar madatsar ruwa tun asuba, ƙofa a buɗe, kaya na ciki. Na mayar da murfin kwanon.

Talata, da magariba

An sami gawar Tatsuro.

Laraba, 22 ga Oktoba, sha ɗaya na safe

Ina rubuta wa ɗayan ajin a allo, "A wannan lokaci da ganyen kaka ya fara ja, muna farin ciki da yadda gidanku ke ƙara bunƙasa," sai hannuna ya tsaya. Wasiƙar Mizuho tana kan hanyar gidan Kurahashi. Kwana guda cur ina tunanin Tatsuro, ban tuna da wasiƙar ba ko sau ɗaya.

Sai da na isa gidan waya na lura da silifas ɗin cikin makaranta na fito. Ma'aikacin ya shiga ciki ya duba, ya fito yana ba ni haƙuri, ya ce ta fita da mai rabon safe.

Alhamis, 23 ga Oktoba, bayan dawowa daga zaman makoki

Gari duk ya je. Baƙaƙen kaya, hayaƙin turare, malamin haikali yana karatu. Hoton da suka sa na ranar bikin kaka ne, yana dariyar nan tasa. Jarida layi uku ta ba shi, ta ce haɗari. Kowa ya ce haɗari, kuma kowa ƙasa yake kallo in ya faɗa.

Matarsa Chizuru tana zaune a miƙe kamar an dasa ta. Tsohon Kurahashi yana gefenta, yana rusuna wa kowa, kansa ba ya ma gama ɗagowa sai wani ya zo.

A ɗakin shayi wata gwaggonsu ke buɗe wasiƙun ta'aziyya, tana ware waɗanda za a karanta gobe. Fari ne ambulan ɗin Mizuho, ta ɗauka irinsu ne. Ta fara karantawa a fili, ta kai "muna farin ciki," ta yi shiru. Sai ta zaro takarda ta biyu, ta leƙa cikin ambulan ta ga shafin. Ta ajiye shi a kan tire da yatsu biyu, kamar mai ajiye mataccen ɓera.

Gidan makoki takarda ɗaya ake aika masa, a ambulan marar shafi, da tawadar da aka sirka da ruwa. Kome biyu kira ne ga masifa ta sake zuwa. Ko 'yar firamare ta san wannan. Ni ma na sani, a zango na uku nake koyar da shi.

Sunan makarantarmu yana bayan ambulan, da sunan yarinyar, da hannunta mai kyau. Ina tsaye a bakin ƙofa da kofin shayi. Duk suka juyo.

Juma'a, 24 ga Oktoba, da yamma

An kai Tatsuro. Mizuho ta zo makaranta, ba ta ɗago kai daga tebur ba. Ban kira sunanta ba.

Lahadi, 26 ga Oktoba, huɗu na yamma

Addu'ar bakwai, an matso da ita Lahadi. Tsohon ya tashi zai raka malamin haikali bakin ƙofa, ya yanke jiki ya faɗi. Yana asibitin lardi. Isamu ya ce shanyewar ɓarin dama ce, kuma baki ya karkace.

Na ce wa Isamu mutum ne mai shekara saba'in da wani abu, da hawan jini, bai runtsa ba tun Talata. Ya ce, "Ni kike faɗa wa?" Na ce shi nake gani. Ya tashi ya ɗora ruwan shayi.

Litinin, 27 ga Oktoba, tara na safe

Silifas ɗin cikin makaranta na Mizuho suna cikin akwatinsu. Ba ta zo ba ke nan.

Talata, 28 ga Oktoba, da yamma

Suna nan.

Na saya mana awarar kanti. Isamu ya ɗora mata citta, ya ci loma ɗaya, ya ce soso ma da ɗanɗanonsa. Ban yi dariya ba, shi ma bai ci gaba ba.

Alhamis, 30 ga Oktoba, shida na yamma

Magana zarar bunu. A wurin gyaran gashi cewa ake takarda biyu aka aika, mutum biyu suka faɗi. A inda Isamu ke buga dara da tsofaffi har an ƙara gishiri, wai jar tawada ce. Mutanen nan fa da wayoyi a hannunsu, da 'ya'ya a jami'a. In ka tambaye su ɗaya-ɗaya kowa zai ce shi bai yarda da camfi ba, sai dai abin da mamaki. Wannan "sai dai" ɗin ita ke cin yarinyar.

Uwarta a babban kanti take aiki, a wurin karɓar kuɗi. Yau na ga layin kowa ya yi tsawo, nata ba kowa. Na tura kekena wurinta da gangan. Ta gaishe ni kamar yadda ake gaida kowane mai saye, ba ta kalli fuskata ba, ni ma ban san abin da na je faɗa ba.

Ranar Litinin na jefa wasiƙar. Ranar Litinin yana raye, ya kai wa makarantar renon yara awara da rana, an gan shi. Na rubuta wannan ne don in gan shi a rubuce.

Juma'a, 31 ga Oktoba, biyar na yamma

Shugaban makaranta, Malam Hirabayashi, ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa da kansa. Wurare uku sun bugo sun ce a ɗage ziyarar yara, kuma kowa ya san abin da ɗagewa take nufi.

Ya ce, "Za mu je gidan Kurahashi ranar sha huɗu ga wata mu ba da haƙuri. Ni da ke da ɗalibar. Ita za ta yi magana."

Na ce, "Ta ce me?"

"Ta ce ɗoki ya ɗebe ta, ta aika ba tare da ta yi tunani ba."

"Ranka ya daɗe, ni na koya mata, ni na duba, ni na jefa. Ko kan sarki ni na liƙa."

Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce, "Malama Nonomura, kuskuren yarinya ana yafe shi da kofin shayi ɗaya. Kuskuren makaranta kuwa, baɗi ina za mu kai 'yan aji uku? Gidajen nan su ke ɗaukar mana yara tun kafin ki zo. Ki yi tunanin sauran."

Na ce wannan shi ne a bar jaki a daki taiki. Ya ce shi ba jaki ya ce da ni ba. Na ce ai ni na ce da kaina.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, ba mugu ba ne. Da ya yi tsawa da na ji daɗi. A hankali ya faɗa, da muryar mai ba da shawarar a ɗauki lema, kuma rabin maganarsa gaskiya ce. Na fito ban ce e ba, ban ce a'a ba.

Litinin, 3 ga Nuwamba, ranar hutu, uku na rana

Na je gidan su Mizuho, hawa na biyu a gidajen haya na bayan tasha. Uwar ta buɗe, ta jera mini silifas, ta yi ta ba ni haƙuri a kan wahalar da suka jawo wa makaranta. Na ce ta daina. Ta ƙara rusunawa.

Mizuho ba ta fito ba. Na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta, irin mai zamewar nan ta takarda, ina ganin inuwarta. Na ce an yi jarrabawar lissafi, Sasaoka ya ci, duniya ta kusa tashi. Na ce kujerarta tana nan.

Can ta ce, "Malama."

"Na'am."

"Wace ƙa'ida na karya?"

Na buɗe baki. Na bi wasiƙar a kaina daga gaisuwa har sa hannu, kamar yadda nake bin ta kowa da jan biro.

"Babu," na ce.

"To da na karya ɗaya, da na yi rowa na sa takarda ɗaya, da Baba Kurahashi yana tsaye?"

Na ce jijiya ce ta toshe a kansa, takarda ba ta toshe jijiya. Ta ce ta sani. Ta ce ta sani sarai, ta ma karanta a waya. Sannan ta ce, "Amma kullum in na rufe ido sai in ga ina ninke ta biyun."

Ban gaya mata maganar sha huɗu ga wata ba. A matakala na zauna har wani yaro mai keke ya tambaye ni ko lafiya.

Laraba, 5 ga Nuwamba, da safe

Silifas.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, tsakar rana

Amsoshi sun fara zuwa wa sauran. Gidan biredi sun ce a zo, asibitin dabbobi ma. Ya kamata in koyar da wasiƙar godiya a wannan makon. Na tsaya gaban allo da alli, na ce su buɗe littafi su karanta da kansu. Ba wanda ya yi surutu, har Sasaoka, kuma shirun ya fi surutun ciwo.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, huɗu na yamma

Uwar Mizuho ta kawo ambulan, ta ce a ba Shugaba. Ba a manne ba, don ta hannuna zai bi. Na buɗe a ɗakin malamai.

Takardar neman barin makaranta ce. Gaisuwar yanayi daidai da farkon sanyi. Godiya ga makaranta. Dalili a layi ɗaya, "saboda wasu dalilai na ƙashin kaina." Ba gogewa, ba karkata, sararin gefe kamar an auna da ma'auni. Ambulan marar shafi. Takarda ɗaya.

Shekara talatin ina wannan aiki ban karɓi wasiƙar da ta kai ta tsafta ba. Ni na koya mata yadda za ta fita daga hannuna ba tare da kuskure ko ɗaya ba.

Na sa ta a aljihun tebur na kulle. Uwar ta ce wata 'yar'uwarta a birni ta samo mata wurin wanke kwanuka, ƙarshen wata za ta tafi. Shekararta goma sha bakwai.

Asabar, 8 ga Nuwamba, da hantsi

Isamu ya ce, "Takardar da ba taki ba kin kulle ta. In aka gane fa?" Na ce a gane. Ya ce to in za a kore ni a bari sai bayan sabuwar shekara, don ya riga ya yi wa jikoki alkawarin kyauta. Na jefe shi da tsumman goge tebur. Ya ɗauka ya ninke, sannan ya ce, "Kiyoe, kowa yana magana a kan gidan nan, ba wanda ya je ya yi magana da gidan."

Na tsani ranar da yake da gaskiya.

Litinin, 10 ga Nuwamba, da yamma

Shugaba ya tsare ni a baranda, ya ce Juma'a fa. Na ce na ji. Ya ce yarinyar ta shirya? Na ce ana ruwa, bari in rufe tagogin aji.

Talata, 11 ga Nuwamba, bayan dawowa daga aiki

Da sassafe na je gidan Kurahashi, kafin makaranta, ni kaɗai. Daren jiya na rubuta ban-haƙuri da sunana, tawada mai ruwa, takarda ɗaya. Ban zaci zan sami kowa a masana'antar ba, sai na ga tururi yana fita ta taga.

Chizuru ce da wata tsohuwar ma'aikaciya, su biyu a wurin da mutum biyar ke aiki. Tukunya ɗaya kawai ke kan wuta. Ta gan ni, ba ta tsaya ba, ta ci gaba da matse buhun tata har madarar ta daina zuba. Na rusuna na miƙa da hannu biyu. Ta nuna mini hannuwanta a jiƙe, ta ce in ajiye a kan buhun wake.

Na ce laifina ne ba na yarinyar ba. Na fara jero yadda aka yi, Litinin, akwatin gidan waya.

"Na sani," ta ce. "Akwai hatimin gidan waya a kai. Na iya karatu, Malama."

Ta ɗauki ludayi, ta ci gaba.

"Tun daren na gani. Ashirin ga wata. Da gwaggo ta fara yaɗa maganar ina jin ta, da kalma ɗaya zan kashe ta. Ban yi ba."

"Me ya sa?"

Ta juya madarar da ludayi. "Saboda in suna maganar takarda, ba sa maganar gada." Ta ɗago ta kalle ni. "Ba ki tambaye ni ba."

"Ban tambaya ba."

"Madalla. Kada ki tambaya." Ta goge hannu a gaban riga. "Kuma ina so wani ya ji ciwo ban da ni. Ga gaskiyar, in kina son ta. Na tsani yarinyar nan, ban ma san fuskarta ba. Muna farin ciki da yadda gidanku ke ƙara bunƙasa. Kin san sau nawa na ji wannan a kaina?"

Sai na tsinci bakina yana cewa za ta bar makaranta ƙarshen wata, za ta je birni wankin kwanuka.

Ludayin ya tsaya. Ta shiga ɗan ofishinsu, na ji tana jan aljihun tebur, ta fito da takarda a ninke uku. Na gane ninkin tun daga nesa, wanda nake koyarwa ne.

Ta ce ashe daren makoki Baba ya ɗauke wasiƙar daga kan tire ya sa a aljihun baƙar kwat ɗinsa, da ita a jikinsa ya faɗi. A asibiti ya yi ta nuna kwat ɗin da hannun hagu, yana gurnani, sun zaci tabarau yake so. Da aka ciro ta ya sa aka karanta masa duka, har inda yarinyar ta tambayi ko ruwan rijiyarsu ne ke sa laushin ko yadda ake juyawa. Sai ya ture takardar mai rubutu, ya ja farar ta biyu, ya nemi biro.

"Yau kwana tara tana wurina," in ji Chizuru. "Ban yi niyyar bayarwa ba."

Na buɗe. Da hagu aka yi, haruffan manya, suna gangarowa kamar za su zube daga takardar. Ba gaisuwa, ba kwanan wata. Ki zo. Ki taho da takalmin roba.

"Ki gaya mata kada ta sa rai," Chizuru ta ce. "Ƙarshen shekara za mu rufe, Baba ma ya sani. Abin da za ta gani gida ne mai mutuwa. In duk da haka tana so, ƙarfe huɗu muke kunna wuta, kuma ba zan yi mata fara'a ba."

Na isa makaranta a makare, karo na farko tun da na fara aiki. Tawa wasiƙar tana can kan buhun wake, ban ga ta ɗauka ba.

Talata, da magariba

Na zura takardar ta ƙarƙashin ƙofar Mizuho. Na faɗa mata duka, har rufewar, har rashin fara'ar. Na ji takarda tana buɗuwa.

"Shi ya rubuta?"

"Da hagu."

"A kan tawa?"

"A kan taki ta biyu."

Ƙofar ba ta buɗe ba. Na zauna har uwar ta kawo shayi ya huce.

Laraba, 12 ga Nuwamba, da safe

Silifas.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, da yamma

Na gaya wa Shugaba ba za ni gobe da yarinya ba, kuma in ya ce ita ta aika da kanta zan tashi a gaban kowa in ce ba haka ba ne. Na faɗa masa abin da tsohon ya rubuta. Ya ce, "Da gaske?" Na ce da idona na gani. Ya juya ya kalli filin wasa, sannan ya ce shi kaɗai zai je asibiti ya gaishe shi. Ya tambayi ko akwai wata takarda da ya kamata ta iso teburinsa. Na ce babu. Ya ce, "To," kuma na san ya sani.

Amma silifas suna nan. Ina amfanin cin gardama in kujerar babu kowa.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, da safe

Silifas. Na fara jin haushin ganinsu.

Asabar, 15 ga Nuwamba, da rana

Isamu ya dawo daga yawon safe ya ce ya ga keken mata jingine a bangon masana'antar, da lambar makarantarmu a bayansa. Na ce keke dai keke ne. Na wanke kwanon da na riga na wanke.

Litinin, 17 ga Nuwamba, biyar na yamma

An shiga darasi na biyu, ina tsakiyar wasiƙar godiya, ƙofar baya ta zame. Ta rame. Hannuwanta jajir har wuyan hannu, warin ɗanyen wake ya riga ta shigowa. Ta rusuna ta ce a gafarce ta ta makara, ta wuce bakin taga ta zauna. Ba wanda ya yi motsi. Sai Sasaoka ya ce, "Tabuchi, kin zo a daidai, Malama ta kusa fara yabon tawa don rashin mafita." Aka yi dariya, ba mai yawa ba, amma an yi. Na juya ga allo don kada su ga fuskata.

Da aka tashi ta same ni a ɗakin malamai. Ta ajiye ƙaramar roba a teburina, awara ce a cikin ruwa, gefenta duk ya gutsure. Ta ce ita ta yanka, uwargidan, Chizuru, ta ce ba ta sayuwa, ta kai wa duk wanda ba shi da ido. Na ce na gode da zaɓen.

Ta ce, "Malama, takardata."

Na buɗe aljihun tebur na ba ta. Ta sa a jaka ba ta duba ba. Ban tambaye ta maganar birni ba, ita ta ce ta gaya wa uwarta ba za ta ba. Ta ce ashe ba ruwan rijiya ba ne, juyawar ce, kuma uwargidan sau ɗaya take nunawa, in ba ka gani ba ruwanka. Saura mako shida a rufe, tana so ta iya kafin nan.

Sai ta ce za ta rubuta wa Baba Kurahashi godiya. Ta tambayi yadda ake yi wa wanda ke kwance a asibiti.

Wannan na sani. Na ce ba doguwar gaisuwa, ambulan marar shafi, takarda ɗaya, don kada ciwo ya maimaita.

"Na sani," ta ce. "Biyu zan sa."

Na dubi ƙofa, na rage murya, na ce Mizuho, bayan duk abin da garin nan ya faɗa?

Ta ce, "In ɗaya na aika, a kan me zai amsa mini?"

Na jawo aljihun tebur, na zaro farare guda biyu na miƙa mata.